Ingilishin da Na Nemi Ƙanena da Shi

Sai da na isa Kumasi na gane ban san ta inda zan fara ba. A hanya, tun daga Damagaram har muka ratsa Benin da Togo, hankalina yana kan isa kawai. Na ɗauka in dai na taka ƙasar Gana, sauran aikin mai sauƙi ne. Da mota ta sauke mu a tasha, na tsaya da ƴar jakata a tsakiyar jama'ar da ban taɓa ganin irinta ba ko a kasuwar Belbeji ranar da ta fi cika. Mutum ɗaya nake nema a cikin wannan duka.

Sunana Mutari. Aikina a gida yi wa dabbobi allura. Ina bin rijiyoyi da rugage tsakanin Belbeji da Tenhya a kan babur, da akwatin magani ɗaure a baya. Ƙanena Sanusi, wanda yake bi mini, ya bar gida shekarar da fari ya cinye tumakin da mahaifinmu ya bar mana. Ya fara zama a Kano, daga baya muka ji shi a Gana wurin haƙar zinariya. Da farko Juma'a ba ta wucewa bai kira ba. Daga nan kiran ya fara ja da baya, bayan azumi ya tsaya cak, kafin layya lambar ma ta daina shiga. Inna ta rage cin abinci. Kullum da la'asar takan ja tabarma zuwa ƙofar gida, ta zauna tana kallon hanyar da motocin Damagaram suke fitowa. Da dangi suka zauna, ni aka zaɓa, saboda ni na yi lakkwal, wato boko, har aji huɗu na kwaleji a Tanut. A wurin mutanen gidanmu, wanda ya yi boko ya iya bakin kowane Bature. Ban gaya musu cewa da Faransanci muka yi karatu ba, Ingilishi kuwa ɗan abin da muka kwafa daga allo ne, shi ma ya daɗe da tsufa a kaina.

A Kumasi ban sha wahalar baki ba, don a zango Hausa ake yi. Tambaya ta kai ni wurin wani mai shayi, Malam Idi, mutumin Ollelewa, wanda ya shekara da shekaru a can. Da ya ji daga inda na fito, ya tashi ya kama hannuna biyu, ya yi ta tambayata ko an yi ruwa bana, ko hatsi ya yi kyau a yankinmu na Damargu, kamar yana da gona a can har yanzu. Ya san Sanusi, amma sanin farkon zuwa. Ya ce yaron ya kwana a rumfarsa na ɗan lokaci, sannan ya bi wasu samari zuwa dajin da ake haƙa. Ya ba ni wurin kwana a bayan teburinsa, ya kuma gargaɗe ni kada in riƙa nuna hoton ƙanena ga duk wanda ya yi mini murmushi.

Ban ji gargaɗin ba. Wani mutum ya same ni a bakin masallaci bayan azahar, da farar riga da carbi mai tsawo, yana Hausa irin ta gida. Ya kalli hoton a salulata, ya dafa kai, ya ce ai wannan yaron a wurin surukinsa yake aiki, lafiyarsa ƙalau, waya ce kawai ta lalace masa. Na ji hawaye suna neman zubo mini. Ya ce mu tafi tasha yanzu kafin motar ƙarshe ta tashi. A tasha ya karɓi kuɗin motarmu mu biyu don ya yanko mana wuri, ya kuma ce in ba shi salular ya aika wa surukin hoton don a shaida wa Sanusi ya jira mu. Ya ɗan matsa gefe yana ɗaga ta sama kamar mai neman layi. Wata motar kaya ta ratsa tsakaninmu. Da ta wuce ban ƙara ganinsa ba.

Kuɗin bai dame ni kamar hoton ba. Shi kaɗai ne hoton Sanusi da nake da shi.

Malam Idi bai yi mini faɗa ba. Ya zuba mini shayi, ya jira na sha, sannan ya jawo wata tsohuwar salula mai fasasshiyar fuska daga cikin gwangwanin sukari ya miƙo mini. Ya ce in nufi wajen Dunkwa, inda ake haƙar. Ya ce, "Amma ka sani, daga can Hausarka ta ƙare. Sai yaren Asante ko Turanci. Ka tattaro duk abin da aka koya maka."

A cikin mota na yi ta haɗa ƴan kalmomin da suka rage mini. Ina neman ƙanena. Dogo ne. Sunansa Sanusi. Yana da wushirya, yana da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu. Ban san yadda ake cewa wushirya ko tabo ba, don haka na shirya zan nuna da yatsa. Ta taga ina kallon ƙasar tana canzawa. Itatuwa suka yi ta tsawo suna haɗe kai a saman hanya har rana ta daina sauka ƙasa. Mu a Damargu, in ka tsaya a kan tudu kana hango raƙumi tun yana kamar ƙuda. A nan ba ka ganin abin da ya wuce jifa ɗaya. Na ji kamar an kife mini ƙwarya a ka.

Wurin haƙa na farko da na isa yana bakin wani kogi da ruwansa ya zama kamar kunun kanwa. An sare daji, an tone ƙasa ramuka ramuka, injuna suna ta ruri. Aka nuna mini maigidan wurin, wani ƙaton mutum da takalmin roba har gwiwa, yana zaune a kan durom. Na gaishe shi, na karanto masa abin da na haddace, na nuna haƙorana, na nuna wuyan hannuna. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Sanusi? The tall one. He used to work here."

Kalma biyu na kama a ciki, aiki da nan. Na yi masa godiya har da durƙusawa. Na sami gindin wani kututture na zauna ina jiran a tashi daga aiki. Ban ci komai ba ranar, ban ma ji yunwa ba. Ina ta shirya yadda zan yi in na gan shi, ko in fara da faɗa ko in rungume shi tukuna. Da yamma ma'aikata suka fara fitowa daga ramuka, laka ta rufe su har ba ka bambanta fuska da fuska. Na tashi ina bin su ɗaya bayan ɗaya, duk dogon da ya wuce sai na leƙa fuskarsa. Wasu suka yi dariya, wani ya ture ni. Har wurin ya watse ban ga Sanusi ba.

Na koma wurin mai takalmin roba na tambaye shi ina ƙanena. Ya ɓata rai, ya ce ai ya gaya mini tun ɗazu. Ya maimaita da ƙarfi, kalma kalma, kamar mai magana da kurma: "He used to work here. Used to." Sai ya wurga hannunsa ta bayan kafaɗa.

Wurga hannun nan ne ya buɗe mini kai. Haka malaminmu na Ingilishi a Tanut, wanda muke ce wa Mushe Hamidu irin na Faransanci, yake yi in ya zo kan wannan darasi. Yakan wurga hannu baya ya ce mana, waɗannan kalmomi biyu in kun gan su a gaban aiki, abin da ake yi ne a da, yanzu an bari. Na tuno jimlolin da ya rubuta a allo muka kwafa. "I used to live in London." "She used to play the piano." Babu wanda ya taɓa ganin wannan abin kiɗa a cikinmu, babu wanda ya wuce Damagaram. Mun haddace, mun rubuta a jarrabawa, mun manta. Ban taɓa zaton akwai ranar da wani zai faɗa mini ita da gaske, a kan ɗan'uwana ba. Da yana aiki a nan. Yanzu ba ya yi.

Na tambayi inda ya koma. Mutumin ya nuna kudu da leɓe.

Daga ranar sai na riƙa jin kalmomin nan ko'ina, kamar yadda in ka san cutar da ke damun garke kake ganin alamarta a kowace akuya. A wani wurin haƙa aka ce mini da yana ɗaukar musu yashi. A wani, wani mai gyaran inji ya nuna mini wata bukka ta leda ya ce, "He used to sleep there." Na leƙa, wani ne kwance a ciki. Na koyi in saurara har ƙarshe, sannan in ce, "And now?" Kullum amsar ita ce wani gari a gaba. Ina bin sawun mutumin da ya riga ya ɗaga daga duk inda na sa ƙafa.

Garin da na fi daɗewa ƙarami ne, titi ɗaya gare shi, da shaguna na katako a gefe da gefe. Akwai wata mata mai sayar da shinkafa da wake a bakin titi, kowa yana ce mata Anti Mansa. Abin da ya ja ni wurinta shi ne na ji masu saye suna kiran abincin da suna mai kama da namu, wake, sai na ji kamar na haɗu da wani ɗan gida. Da na yi mata bayanina, ta ajiye ludayi ta dube ni da kyau. Ta ce ta ga kamanninsa a fuskata. Ta ce, "He used to eat here every morning. He used to ask for more pepper." Na yi dariya ban shirya ba, don Sanusi tun yana yaro yake satar yajin Inna.

A garin nan zazzaɓi ya kayar da ni. Na tashi da safe kaina kamar ana sara, kafin rana ta take ina rawar sanyi a kan bencinta. Anti Mansa ba ta san ni ba, ba ta san garinmu ba, ko sunan ƙasarmu takan haɗa shi da Najeriya. Amma ta sa aka shimfiɗa mini kwali a bayan rumfarta, ta je da kanta ta sayo magani, ta dafa mini romo. Da ta ga ina kallon naman ina jinkiri, ta gane abin da nake tsoro. Ta ɗora yatsu biyu a kanta kamar ƙaho, ta yi kukan akuya. Na sha.

Kwanakin da na yi kwance a can su ne mafi nauyi a tafiyar. Ruwa yana dukan kwanon rufi ba ya tsayawa, komai ya jiƙe, tufafina suna wari. Babu abin da nake so irin fura da nono mai sanyi daga ƙwarya, da in kwanta a kan yashi in ga sama a buɗe. Na yi tunanin matata da ƴaƴana, da makiyayan da na yi wa alkawarin zan zo kafin su gangara kudu. Na yi tunanin in na mutu a nan, wa za a aiko ya neme ni.

Da na fara miƙewa, Anti Mansa ta kawo mini wani saurayi mai suna Kofi, wanda suka taɓa zama ɗaki ɗaya da Sanusi. Kofi yana magana da sauri, na yi ta roƙonsa ya sassauta. Abin da na tsinta ya ishe ni. Ya ce, "He used to pray five times. He used to call home every Friday. Then he met a woman." Ya ce matar ƴar wani ƙauye ce a cikin gonakin koko, sunanta Afiya, kuma Sanusi ya bar haƙa ya bi ta can. Tun daga lokacin bai ƙara ganinsa ba.

Yanzu na san ma'anar kalmomin, don haka suka shige ni kamar wuƙa. Da yana salla. Da yana kiran gida. Na ce a raina, ashe muna can uwarmu tana ramewa, shi yana nan ya sami mace ya watsar da addininsa da danginsa. Duk da haka na ji sanyi, don mai rai ne ake yi wa fushi. Na kira Kawu Ma'azu, ƙanen Inna, wanda lambarsa ce kaɗai na riƙe a ka. Na ce ya shaida wa Inna na sami labarin Sanusi, yana nan, gobe zan gan shi. Ban faɗi zancen matar ba. Kafin in kashe na ji guɗa tana tashi a cikin gidanmu.

Babur ne ya kai ni ƙauyen, ta wata ƴar hanya mai santsi da muka sauka muka tura sau da yawa. Duk tsawon hanyar ina jera maganganun da zan gaya masa, da Hausa, Hausar da na yi kwanaki ban sami mai ji ba. Mun isa da hantsi. Gidan na ƙasa ne da rufin kwano, an shanya ƴaƴan koko a kan tabarmi a tsakar gida, wasu gajerun awaki suna yawo. Wata yarinya siririya da baƙin zane tana juya kokon da hannu, da jariri a bayanta. Na yi sallama. Ta ɗago, ta gan ni, ta dafe baki. Sai ta juya da gudu ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Wani dattijo ya fito da adda a hannu. Na ɗaga hannuwana na ce ni wan Sanusi ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya jingine addar a bango, ya kawo mini kujera da ruwa a kofi. Ashe yarinyar ita ce Afiya, shi kuma kawunta ne. Ya shiga ɗakin, na ji suna magana ƙasa ƙasa. Da ta fito, ba ta fito da yaron ba. Ta tsaya nesa da ni. Ta nuna wani benci a gindin bishiyar lemo, ta ce a hankali, "He used to sit there."

Na ji abin da ta ce sarai. Amma duk inda aka faɗa mini irin wannan a baya, akwai wani gari a gaba. Na ce, "And now?"

Ta gyara zanenta ta yi mini alama in biyo ta. Muka bi ta bayan gidaje, muka wuce cocinsu, muka wuce kaburburan da aka yi wa siminti da rubutu. A can ƙarshe, inda daji ya fara, akwai wani tudun ƙasa shi kaɗai, ba siminti, ba rubutu, sai dutse ɗaya a kai. Bai kwanta yadda sauran suka kwanta ba. Na ɗaga kai na nemi inda rana take, na sake duban tudun, na ga an daidaita shi da alƙibla. Na zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, duk maganganun da na jero a hanya suna nan a bakina, babu wanda zan gaya wa.

Washegari kawun ya raka ni wani gari a bakin babbar hanya, wurin wani tsohon limami, mutumin arewacin ƙasar, mai jin Hausar zango. Daga bakinsa na ji komai daki daki. Tari ne ya kama Sanusi tun yana cikin ramuka, shi ya sa ya bar haƙa. Limamin da kansa ya ɗaura musu aure da Afiya, da shaidu, da sadaki. Sanusi bai bar salla ba. Yana zuwa Juma'a a ƙafa har lokacin da ƙafar ta gaza, daga nan yana yi a zaune, daga baya a kwance. Kofi ya daina ganinsa ne kawai. Salularsa an sayar an sayi magani, lambobin gida suka tafi da ita. Afiya ta yi ta roƙonsa ya nemi hanyar sanar da mu, yana cewa a bari ya ji sauƙi tukuna, ba ya son Inna ta ji muryarsa a haka. Da aka haifi yaron ya sa masa sunan mahaifinmu, Isufu. Bai kai ga ganin ya fara zama ba.

Limamin ya ce ranar da ya cika, dangin yarinyar sun so a kai gawar ɗakin sanyi a ajiye har a shirya biki, yadda suke yi wa nasu. Ita ta ƙi. Ta taka da ƙafa cikin ruwan sama, da ɗanyen goyo, ta zo ta buga masa ƙofa. Ta ce mijinta ya gaya mata yadda ake yi wa Musulmi, kuma ta yi masa alkawari. Ya tara mutum biyar suka je suka yi masa wanka, suka sallace shi, suka rufe shi kafin la'asar. Ya ce, "Ɗana, na daɗe a ƙasar nan. Ba kowace mace take tsayawa gaban danginta a kan baƙo ba."

A ƙofar masallacin na kira Kawu Ma'azu. Ya ɗauka da fara'a yana tambaya ko ga Sanusin a kusa. Ban san yadda na faɗa ba. Na ji ya yi salati, sannan ya ce, "Mutari, shekaranjiya fa ka sa aka yi guɗa a gidan nan." Na ce na sani, Kawu. Da yamma ya sake kira. Ya ce an gaya wa Inna, ta faɗi, an yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Da ta ji akwai ɗa, magana ɗaya ta yi: in taho da shi.

Na ƙara ƴan kwanaki a ƙauyen, ina kwana a ɗakin kawun. Afiya ta fara sakin jiki da ni kaɗan kaɗan. Tana ce mini Yaya, don haka ta ji Sanusi yana kirana. Ta iya sannu, ta iya ina kwana, ta iya ruwa. Sauran sai da Ingilishi, nata ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma ta lura in ta yi gajerun jimloli ina ganewa. Takan zauna a bakin ƙofa tana ba yaron nono, ta yi ta faɗa, ba tare da ta dube ni ba. "He used to treat the goats for everybody." Ashe abin da ya gani a hannuna ya riƙe. "He used to say this place has no sky." "He used to carry the baby and talk your language to him." Ban taɓa sanin ƙanena kamar yadda na san shi a bakin yarinyar nan ba, da yaren da ba nawa ba, ba nata ba, ba nasa ba.

Saƙon Inna yana nan a wuyana. Kawu Ma'azu yana kira kullum yana tambaya yaushe za mu taso, ni da yaron. Ran nan da safe na daure na ce mata uwata tana son jaririn. Ta ce ta sani, tun ranar da ta gan ni ta sani, shi ya sa ta gudu ɗaki. Ta kwance goyon, ta zo ta ɗora mini shi a hannu. Karo na farko ke nan da na ɗauke shi. Goshin mahaifinmu ne, da dogayen yatsun Sanusi. Ya kama gemuna yana ja. Ita kuwa ta tsaya a gabana, ba ta ja da baya ba, hannuwanta a buɗe kamar mai jiran abin da zai faɗo. Gaban rigarta ya jiƙe da nono.

Ina da hujjoji da yawa, na addini da na al'ada da na tausayin tsohuwa. Ko ɗaya ban iya faɗa da Ingilishi ba, kuma da na dube ta na ga ko da Hausa ba zan iya ba. Na mayar mata da ɗanta. Abu ɗaya na roƙa, in ya yi wayo a riƙa kai shi wurin limamin nan, a kuma gaya masa yana da dangi a wani wuri da ake kira Belbeji. Na sa ta maimaita sunan garin har ya zauna a bakinta. Kawunta ya ba ni lambarsa, na ba shi tawa.

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta. Na biya ta wurin Malam Idi, ya yi addu'a, ya ƙi karɓar salularsa. Daga nan mota, iyaka, mota, har itatuwa suka fara gajarta, ƙasa ta buɗe.

Na tarar an gama zaman makoki. Inna tana zaune a ɗakinta da carbi. Da na shiga ba fuskata ta duba ba, bayana ta leƙa. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na fara ba ta labarin wanka da salla da alƙibla. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Na aike ka ka kawo mini ɗana, ka ce ƙasa ta riga ka. Na ce ka kawo mini ɗansa, ka dawo mini hannu rabbana." Ta juya fuska bango.

Har aka gama girbi ba ta yi mini magana mai tsawo ba. In na gaishe ta takan amsa, shi ke nan. Dangi ma sun rabu biyu, wasu suna cewa na yi daidai, wasu suna cewa na bar jininmu a hannun waɗanda ba sa salla. Ban yi gardama da kowa ba. Na koma bin rijiyoyi da akwatina.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a tsakar gida, sai salular ta yi ƙara. Lambar kawun Afiya ce. Na ji muryarta tana cewa Yaya, sannu. Ta ce yaron ya fara rarrafe. Inna tana tsintar wake a gefe. Ta tsaya, ta ce wace ce. Na gaya mata. Ta daɗe tana kallon tiren da ke cinyarta, sannan ta miƙo hannu.

Na ba ta, na matso kusa don in yi musu tafinta. Inna ta fara magana da Hausa, a hankali, tana tambayar mai sunan Malam, don ba ta kama sunan mahaifinmu. Na buɗe baki zan juya, ta ɗaga mini hannu ta ce, "Bar mu." Daga can na ji Afiya ta saki Ingilishi ta koma yarensu. Inna tana faɗin nata, ita tana faɗin nata, babu mai jin abin da ɗayar take cewa. Inna ta ba ta labarin ranar da aka haifi Sanusi, da yadda ya ƙi nono kwana biyu, da yadda ya ƙone hannu a murhu. Can sai muryoyin biyu suka karye tare. Na tashi na koma bakin zaure.

Da ta kira ni, ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙo mini salular.

"Ka ce mata ta riƙa cin abinci," in ji ta. "Mai goyo ce."

Wannan kam na iya. Na faɗa, Afiya ta ce to da Hausa, na ji kukan yaron a kusa da ita, sai kuɗin ya ƙare layin ya yanke. Inna ta sake karɓar salular daga hannuna, ta ajiye ta a cinyarta kusa da waken, ta ci gaba da tsinta.